DOGON DARASI KO GAJERE? NAZARI A KAN JADAWALIN DUNƘULE A MAKARANTUN SAKANDARE

Gabatarwa



Abin da zan yi magana a kansa yau shi ne takardar nan da akan manna a bangon ofishin shugaban makaranta da bayan ƙofar kowane aji, watau jadawalin darussa. Ba kasafai akan ba ta muhimmanci ba. Galibi akan danƙa aikin tsara ta ga mataimakin shugaban makaranta ko wani malamin lissafi, ya yi ta rubutawa yana sokewa har ya tabbata babu malamin da aka sa a aji biyu lokaci guda. Alhali kuwa wannan takarda ita ce ke yanke yawan mintocin da yaro zai yi da kowane fanni, da yawan yaran da malami zai iya sani da sunayensu, har ma da yawan malaman da gwamnati za ta biya albashi.

A ƙasar Amurka an shafe shekaru fiye da talatin ana jayayya a kan wani tsari na raba lokacin makaranta, wanda zan kira shi jadawalin dunƙule, domin yana dunƙule gajerun darussa ya mai da su dogaye. Zan bayyana yadda tsarin yake, da inda ya samo asali, da amfaninsa da illarsa, da abin da bincike ya nuna. Daga ƙarshe kuma sai mu duba ko akwai abin da makarantunmu za su ɗauka daga cikinsa.

Mene ne jadawalin dunƙule?

A tsohon tsari, makarantar sakandare ta Amurka takan raba yini gida shida ko bakwai ko takwas, kowane darasi minti 45 zuwa 55. Ɗalibi yakan haɗu da kowane fanni kullum, tun daga farkon shekarar karatu har ƙarshenta, watau wajen kwana 180.

Jadawalin dunƙule kuwa yakan raba yini gida huɗu kawai, kowane zama kimanin minti 90. Iri biyu ne suka fi yaɗuwa. Na farko shi ne huɗu-da-huɗu: ɗalibi ya ɗauki fanni huɗu, ya yi ta yin su kullum har kwana 90, ya kammala su a watan Janairu, sa'an nan ya ɗauki waɗansu huɗu dabam zuwa ƙarshen shekara. Na biyu shi ne tsallake-rana: ɗalibi ya riƙe fanni takwas duk shekara, amma ya yi huɗu yau, sauran huɗun gobe, jibi kuma ya koma kan na farkon.

A nan ina roƙon ku lura da wani abu guda, domin a kansa ne dukan bayanina zai rataya. Cikin wannan tsari akwai sauyi biyu da aka ɗaure wuri ɗaya, alhali kowannensu mai zaman kansa ne. Ɗaya shi ne tsawon zama, watau mintocin da malami da ɗalibai za su yi tare kafin a kaɗa ƙararrawa. Ɗayan kuma shi ne tsawon tafiya, watau yawan kwanaki da watannin da ɗalibi zai yi yana komawa kan fannin. Jadawalin dunƙule yana ƙara tsawon zama, amma yana rage tsawon tafiya. Abin da nake so in nuna shi ne, yawancin amfanin tsarin daga sauyi na farko ya fito, yawancin illarsa kuma daga na biyu.

Asalin al'amarin

Yanka yini zuwa darussa masu tsawo ɗaya yana da tarihi, kuma abin mamaki, tarihin ya haɗa da batun fansho. A shekarar 1905 attajirin nan Andrew Carnegie ya ba da dala miliyan 10 don a riƙa biyan malaman jami'o'i kuɗin fansho. Gidauniyar da aka kafa don wannan aiki ta ga lalle ne ta bambanta jami'a ta gaske da makarantar da ke amsa sunan jami'a kawai. Saboda haka a shekarar 1906 ta sa sharaɗi cewa jami'ar da ke son shiga shirin kada ta ɗauki ɗalibi sai wanda ya cika ma'auni 14 na karatun sakandare. Ma'auni ɗaya kuwa shi ne awa 120 na zama a gaban malami a kan fanni ɗaya cikin shekara. Jami'o'i suka bi don malamansu su sami fansho, makarantun sakandare kuma suka bi don ɗalibansu su sami shiga jami'a. Ta haka ne aka wayi gari ana auna karatu da agogo, darasin minti 50 a kullum ya zama tamkar doka.

Ba a daɗe ba masana suka fara ƙorafi. A shekarar 1959 wani masanin ilmi mai suna J. Lloyd Trump ya ba da shawarar a yanka yini ƙanana-ƙanana, kamar minti 15 ko 20, sa'an nan a riƙa harhaɗa su gwargwadon bukatar kowane darasi, a kuma bar wa ɗalibai wani lokaci na karatu da kansu. Makarantu da dama sun gwada wannan a shekarun 1960 da farkon na 1970, amma yawancinsu suka watsar, domin tsara shi yana da wuya, yara kuma sun sami lokaci mai yawa ba tare da mai lura da su ba.

A shekarar 1983 aka fitar da wani rahoton gwamnati da ya tayar da hankalin Amurkawa, wanda ya nuna cewa ilmin ƙasar yana cikin haɗari. Jihohi da yawa suka ƙara yawan fannonin da ɗalibi zai ci kafin a ba shi takardar shaida, sai yini mai darasi shida ya yi wa makarantu kaɗan. A shekarar 1984 kuma Theodore Sizer ya wallafa littafi a kan halin da malamin sakandare ke ciki, ya nuna cewa malamin da ke koyar da yara 120 ko fiye ba shi da halin duba rubutun kowannensu yadda ya kamata. Shi da abokan aikinsa suka nemi kada yaran malami ɗaya su wuce 80.

Cikin wannan yanayi ne Joseph Carroll, shugaban hukumar makarantun wani yanki a jihar Massachusetts, ya fito da nasa shirin a ƙarshen shekarun 1980. Ya lura cewa yaran da ke zuwa makarantar hutu, inda akan zauna awoyi a kan fanni ɗaya ko biyu na 'yan makonni, sukan sami ci gaba mai kyau, sai ya tambayi kansa me zai hana a yi haka duk shekara. Ya sa wa shirinsa sunan Copernicus, masanin taurarin nan da ya ce duniya ce ke kewaya rana, don ya nuna cewa yana nufin juya al'amarin baki ɗaya. A shekarar 1994 wani kwamitin ƙasa ya fitar da rahoto mai suna Fursunonin Lokaci, wanda ya soki yadda agogo ke mulkin makarantu. A 1995 Robert Canady da Michael Rettig suka wallafa littafin da ya zama jagora ga shugabannin makarantu masu son sauya jadawali. Kafin ƙarshen shekarun 1990 tsarin ya bazu ƙwarai, musamman a jihohin North Carolina da Virginia, inda fiye da rabin makarantun sakandare suka karɓe shi.

Amfanin tsarin

Amfani na farko shi ne samun sararin yin aikin da ba ya yiwuwa cikin gajeren lokaci. Ku ɗauki darasin kimiyya a ɗakin gwaje-gwaje. Kafin a rarraba kwalabe da sinadarai, a yi bayanin abin da za a gwada, a yi gwajin har sau biyu ko uku, a rubuta sakamako, a wanke kaya a mayar, minti 50 sun daɗe da ƙarewa. Akan yi gwajin yau, a bar tattaunawar ma'anarsa sai gobe, bayan abin ya huce a zukatan yara. Haka al'amarin yake ga sassaƙa da ɗinki da girki da zane da aikin gona, har ma da rubutun insha'i, inda yaro ke bukatar ya rubuta, a duba, ya sake gyarawa a zama ɗaya.

Na biyu shi ne rage lokacin da ke zubewa a bakin ƙofa. Kowane darasi yana da kuɗin shigarsa: a zauna, a kira suna, a fito da littattafai, a tuna inda aka tsaya jiya. Idan wannan ya ci minti 5 a kowane darasi, yini mai darasi takwas ya yi hasarar minti 40, mai darasi huɗu kuwa minti 20. Bugu da ƙari, a makarantun Amurka ɗalibai ne ke tashi su tafi ɗakin malami duk lokacin da aka kaɗa ƙararrawa. Yara dubu ko fiye sukan cika barandu lokaci guda, kuma a nan ne faɗa da makara da sulalewa suka fi aukuwa. Idan an rage yawan fitowar, an rage ƙofofin fitina. Shugabannin makarantu da dama da suka koma wannan tsari sun ba da labarin raguwar yaran da ake kawowa ofis don horo.

Na uku ya shafi malami. Wanda ke da aji biyar a yini, kowane aji da yara 30, yana fama da yara 150. A tsarin huɗu-da-huɗu yakan koyar da aji uku, watau yara 90 a kowane rabin shekara, ya kuma sami zama guda cur na minti 90 don shirya darasi da duba aikin yara. Malamin da ya san ɗalibinsa ya fi saurin gane inda ya kakare.

Na huɗu ya shafi ɗalibi. Hausawa sun ce ba a tauna taura biyu, to ina ga bakwai? Yaron da ke da fanni huɗu yana da aikin gida huɗu da jarrabawa huɗu kawai a gabansa. Yana kuma iya kammala fanni takwas a shekara maimakon shida ko bakwai, watau 32 cikin shekara huɗu maimakon 24 ko 28. Wanda ya faɗi wani fanni a rabin farko na shekara yana iya maimaita shi a rabi na biyu, ya tarar da tsararsa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga yaron da maimaita aji zai iya sa shi barin makaranta ɗungum.

Illolin tsarin

To, kowane allazi da nasa amanu. Illa ta farko lissafi ne kawai ke nuna ta. Darasin minti 50 sau 180 ya ba da minti 9,000, watau awa 150. Zaman minti 90 sau 90 kuwa minti 8,100 ne, watau awa 135. Ke nan kowane fanni ya rasa awa 15, kashi 10 cikin 100 na lokacinsa. Masu goyon bayan tsarin sukan ce lokacin da aka ceto daga bakin ƙofa ya cike giɓin, amma malaman lissafi da kimiyya da yawa sun yi kukan cewa ba sa kai ƙarshen manhaja.

Illa ta biyu ita ce mafi girma, ta kuma shafi yadda ƙwaƙwalwar ɗan Adam ke riƙe abu. Tun a shekarar 1885 wani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya yi gwaji a kan kansa, yana haddace jerin gaɓoɓin sauti marasa ma'ana. Ya tarar cewa maimaitawa 38 da aka rarraba cikin kwana uku sun ba da sakamako daidai da maimaitawa 68 da aka yi a rana ɗaya. Gwaje-gwaje masu yawan gaske da aka yi bayansa sun tabbatar da wannan ƙa'ida: abin da aka koya kaɗan-kaɗan, ana komawa gare shi bayan tazara, ya fi zama a zuciya bisa ga wanda aka ɗura lokaci guda. Mutanenmu sun riga sun faɗi haka da suka ce yau da gobe ka sa allura ginin rijiya. Tsarin huɗu-da-huɗu yana saɓa wa wannan ƙa'ida kai tsaye. Yaro yana iya gama lissafin shekarar farko a watan Janairu, jadawali kuma ya ajiye masa lissafin shekara ta biyu sai rabi na biyu na shekara mai zuwa, ya zamana ya yi wata goma sha biyu bai taɓa lissafi ba. Haka harsunan waje, haka kiɗa, duk fannonin da ake gina yau a kan jiya.

Illa ta uku ita ce nauyin fashi. Yaron da rashin lafiya ya kwantar da shi kwana biyar ya rasa kwana biyar cikin 180 a tsohon tsari, amma a sabon tsari ya rasa biyar cikin 90, watau ninki biyu. Haka idan malami ne bai zo ba. Yaron da aka yi wa mahaifinsa canjin wurin aiki a tsakiyar shekara kuwa, idan ya fito daga makaranta mai tsohon tsari ya faɗa mai huɗu-da-huɗu, sai ya tarar an gama waɗansu fannonin da shi ya yi rabinsu, waɗansu kuma ba a ko fara ba.

Illa ta huɗu ita ce rashin jituwa da jarrabawar waje. A Amurka akwai jarrabawar share fagen shiga jami'a ta fanni-fanni wadda akan yi a watan Mayu. Wanda ya gama fannin a Janairu ya yi wata huɗu yana mantuwa, wanda ya fara a ƙarshen Janairu kuma bai kammala ba.

Illa ta biyar kuɗi ne, kuma ma'aikatan da ke tsara kasafi su saurara da kyau. A ce makaranta tana da yara 1,200, kowane aji 30. Ke nan a kowane lokaci akwai aji 40 da ke bukatar malami. Idan kowane malami yana koyar da darasi biyar cikin shida, ana bukatar malami 48. Idan kuwa uku cikin huɗu yake koyarwa, ana bukatar 54. Ko dai a ɗauki ƙarin malamai shida, ko a cusa ƙarin yara cikin kowane aji. Wannan ne ya sa waɗansu hukumomin makarantu a Amurka suka koma tsohon tsari bayan karayar tattalin arziki ta shekarar 2008.

Illa ta ƙarshe tana wuyan malami. Ba yaron da zai iya sauraron bayani na minti 90 ba tare da hankalinsa ya tafi yawo ba. Dogon zama yana bukatar a kasa shi: bayani kaɗan, aiki cikin rukuni, gwaji, tambaya da amsa, sa'an nan bita. Malamin da ba a horar da shi a kan haka ba yakan yi darasinsa na minti 50 kamar yadda ya saba, sauran 40 ɗin kuma ya ce yara su yi aikin gida a cikin aji. Idan haka ta faru, an koyar da darasi 90 a gurbin 180, an yi hasarar rabin manhaja ba tare da kowa ya lura ba.

Abin da bincike ya nuna

A shekarar 1990 David Bateson na Jami'ar British Columbia a ƙasar Kanada ya wallafa nazarin da ya yi a kan sakamakon jarrabawar kimiyya ta ɗalibai kimanin 30,000 'yan aji goma. Ya tarar cewa waɗanda suka yi fannin duk shekara sun fi waɗanda suka dunƙule shi a rabin shekara, kuma waɗanda suka yi shi a rabin farko su ne a baya. Masu suka sun ce lokacin da aka yi jarrabawar bai yi wa 'yan rabin shekara adalci ba. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, sai dai ita kanta shaida ce a kan illa ta huɗu da na ambata, domin jarrabawar waje ba ta jiran jadawalin kowa.

A shekarar 2006 Sally Zepeda da Stewart Mayers suka tattara bincike 58 da aka yi a kan tsarin suka yi musu bita. Abin da suka gano shi ne, makin da malamai ke ba ɗalibai a cikin makaranta yakan ƙaru, zaman lafiyar makaranta kuma yakan kyautata, amma game da jarrabawar waje da yawan zuwa makaranta sakamakon ya sassaɓa. A shekarar 2010 wata cibiyar bitar bincike a Landan ta sake duba al'amarin, ita ma ba ta sami hujja mai ƙarfi da za ta sa a ce tsarin yana ɗaga ƙoƙarin ɗalibai gaba ɗaya ba.

Ya kamata mu fahimci abin da wannan ke nufi. Maki na cikin makaranta yana auna abin da yaro ya riƙe a ƙarshen zango, lokacin da karatun ke da ɗumi. Jarrabawar waje kuwa tana auna abin da ya rage bayan watanni. Don haka ba abin mamaki ba ne tsarin da ya ƙara tsawon zama ya rage tsawon tafiya ya haskaka a ma'auni na farko, ya dushe a na biyu.

An sake ganin gwajin wannan tsari a lokacin annobar korona. A shekarar 2020 makarantun sakandare da yawa a lardin Ontario na Kanada suka raba shekara gida huɗu, ɗalibi ya riƙa yin fanni biyu kawai a kowane kashi, ana zama awoyi a kan kowanne, don a rage cuɗanya. Ɗalibai da malamai sun yi kukan gajiya da saurin tafiyar karatu, kuma da al'amura suka lafa a shekarar 2022 aka koma tsarin da aka saba.

Ina muka tsaya?

Yanzu bari mu juyo gida. A yawancin makarantun sakandarenmu darasi minti 35 ne ko 40, a yi bakwai ko takwas a yini, ranar Jumma'a kuma a tashi da wuri. Mun kuma daɗe da sanin haɗa darasi biyu su zama ɗaya, abin da malamai da ɗalibai ke kira dabul, musamman don aikin ɗakin gwaje-gwaje. Watau muna da ɗan dunƙulen namu tun ba yau ba. Tambayar ita ce ko ya kamata mu faɗaɗa shi ya mamaye jadawali duka.

Game da huɗu-da-huɗu, amsata ita ce a'a, saboda dalilai uku. Na farko, ɗalibinmu yana zaunawa jarrabawar WAEC ko NECO a kan fanni takwas ko tara lokaci guda a ƙarshen aji shida, ana kuma tambayarsa abin da ya koya cikin shekara uku. Fannin da aka ajiye rabin shekara zai zo masa baƙo a ɗakin jarrabawa. Na biyu, kwanakin karatunmu suna yawan yankewa, ko don yajin aiki, ko zazzaɓin damina, ko rufe makaranta saboda rashin tsaro, kuma mun ga yadda tsarin ke ninka nauyin kowane fashi. Na uku, a wurinmu malami ne ke zuwa aji, yara suna zaune a ɗakinsu, saboda haka ribar rage cunkoson barandu, wadda Amurkawa suka fi yabawa, ba ta shafe mu ba sai kaɗan. Idan muka ƙara da ƙarancin malamai, inda manufar ilmi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 40 amma azuzuwa da yawa sun ninka haka, sai mu ga kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu ba. Zanen aro ba ya rufe katara.

Amma fa wannan bai wanke namu jadawalin ba. Darasin minti 35, bayan an cire tahowar malami daga ofis da gaisuwa da share allo, abin da ya saura bai wuce na kwafe rubutu daga allo ba. Jarrabawar aikin hannu ta kimiyya tana ɗaukar awa biyu ko fiye, amma akwai yaran da ke shigarta ba su taɓa yin zaman gwaji na awa ɗaya cur ba. Sau da yawa kuma dabul ɗin da aka keɓe don gwaji yakan ƙare a rubutun allo, domin babu kayan aiki ko babu mai kula da ɗakin.

Saboda haka ina ba da shawarwari huɗu. Na ɗaya, a yanka jadawali gwargwadon halin kowane fanni. Lissafi da Ingilishi da Hausa da Larabci da Faransanci su riƙa zuwa a kai a kai, gajeru, duk shekara, da safe kafin rana ta yi zafi. Kimiyya da aikin gona da sana'o'in hannu da insha'i kuwa su sami dogon zama aƙalla sau ɗaya a mako, tare da gajerun darussan bita a tsakani. Na biyu, kada a ba malami dogon zama sai an koya masa yadda ake kasa shi, kuma kwalejojin horon malamai su sa wannan cikin gwajin koyarwa. Na uku, masu duba makarantu su daina tsayawa ga ganin jadawali a bango, su shiga aji a lokacin dabul su ga abin da ake yi da shi. Na huɗu, duk jihar da ke son gwada sabon tsari ta fara da makarantu kaɗan, ta ajiye waɗansu masu kama da su don kwatance, ta kuma auna da sakamakon jarrabawar waje na shekara biyu ko uku kafin ta yanke hukunci.

Kammalawa

Jama'a, abin da tarihin wannan jayayya ya koya mana shi ne, jadawali mazubi ne, abin da aka zuba a ciki shi ne karatu. Dogon zama yana ba malami mai shiri da kayan aiki filin yin abin da gajeren darasi ya hana shi, yana kuma tona asirin wanda ba shi da shiri. Gajeren darasi na kullum yana kiyaye yaro daga mantuwa, amma yana iya mai da karatu ya zama kwafe-kwafe. Kuskuren da aka yi a wurare da dama shi ne ɗaukar awo ɗaya a ɗinka wa dukan fannoni riga da shi.

Ku ɗalibai da za ku zama malamai da shugabannin makarantu, da ku ma'aikata da takardun sauya tsari ke bi ta teburinku, idan aka kawo muku sabon jadawali ku yi masa tambayoyi uku: minti nawa kowane fanni zai samu a shekara, kwana nawa yaro zai yi bai ga fannin ba, kuma malami nawa ake bukata. Amsoshin nan uku ba sa bukatar komai sai takarda da alƙalami, amma a kansu ne sakamakon yaran da ba su da bakin magana a wannan shawara ya rataya.

Shugaban taro, a nan zan dakata don a sami lokacin tambayoyi.